Mi ake nuhi da "a hili"?

Ya kai mai karatu, in ka shiga Maraɗi ka duba ƙofar kanti, wani lokaci za ka ga an rubuta *ouvert*. Faransanci ne, ma'anarsa "a buɗe". Daga wannan kalma Ingilishi ya samo *overt*, yau shekara fiye da 600. Da ita suke kiran aikin da aka yi a idon jama'a. Kishiyarta *covert*, wato rufaffe.

A Ingila har doka suka yi da ita, mai suna *market overt*. Wanda ya sayi kaya a kasuwa, tsakanin hudowar rana da faɗuwarta, da zuciya ɗaya, kayan sun zama nasa ko da na sata ne. An soke dokar a 1995.

Mu ma ba mu rasa namu kalmomi ba. "Hili", wanda Kanawa ke cewa "fili", shi ne wurin da babu gini, babu shinge. "Sarari" ɗan'uwansa ne. "Zahiri" da "bayyana" daga Larabci muka aro su. "Ƙiri-ƙiri" kuwa daban yake, ya fi tafiya da laifi: ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri, ya cuce ni ƙiri-ƙiri.

To, ga inda nike da magana. Shugaban ƙungiya ya tara mutane gindin itace, ya karanta lissafin kuɗi da Faransanci, sannan ya ce: "Kun gani, komi a hili." Wannan ba hili ba ne. An buɗe ƙofa, an bar labule. Dillali ya ja mai saye gefe, su yi raɗa, ya dawo ya ce maka saniyarka ta yi kaza. Cikin kasuwa aka yi, amma a ɓoye.

Abu bai zama a hili ba sai wanda ya shafa ya ji, ya gane, ya iya tambaya.

Saboda haka, ko kai mai noman rani ne a Jiratawa, ko mai sai da bisashe a Tsibiri, kada kalma ta rufe maka ido. Ka ce a karanta da Hausa. Ka ce a nuna maka takarda, ka bi lambobin da yatsanka. Kada ka dangwala hannu bisa abin da ba ka karanta ba. Don haka ka shiga ajin yaƙi da jahilci.

Allah shi ƙara muna sani.