Siffar Mutuwa a Zanen Faransawa da a Bakin Hausawa

A shekarar 1485 wani maɗaba'i a birnin Faris, Guy Marchant, ya buga littafin da ake kira Rawar Mutuwa, da zane-zanen da aka sassaƙa a katako. An kwaikwayo su daga bangon wata maƙabarta ta birnin, wanda aka zana wajen 1424. A kowane shafi gawa ce ramammiya ta kama hannun mai rai, tun daga Fafaroma da sarki har manomi da jariri, tana jansa zuwa rawa. Watau Bafaranshe ya ba mutuwa jiki don ido ya gani.

Bahaushe kuwa bai ba ta fuska ba. Ya ce mutuwa rigar kowa, ya mai da ita tufa, wanda ya ga likkafani kuma ba ya bukatar sharhi. Rawar ma duniya ya bar wa, gama ita ya kira rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Haka waƙoƙin wa'azi suka bi tun zamanin jihadi: duniya suke siffantawa da karuwa mai ado, mutuwa kuwa a ambace ta da sunanta, da kabari da tambaya.

A nan ne Mu'azu Haɗeja (1920–1958) ya cancanci a sake dubansa. Cikin Waƙar Karuwa ya ɗauki wannan tsohuwar siffa ya sauko da ita cikin gari, ta zama mace mai ɗaki da masu zuwa wurinta. Lalle waƙar ta sami kaifi, amma fa da hasara. Malamin dā in ya zagi karuwa, kowane mai sauraro ya san da shi ake, tun da kowa na neman duniya. Ga Mu'azu mai sauraro yana iya tsayawa gefe ya nuna wata da yatsa. Malamin da ya koyar da waƙar bai gabatar da na wa'azi ba, ɗalibansa faɗa kaɗai za su ji.

Ko a fadamar Haɗeja, inda kogin da ke ba da shinkafa da kifi shi ne ke rushe gidaje, kamar a ambaliyar 2022, ba a ce mutuwa ta zo. Cewa ake ruwa ya ci mutum. Bakin na kogi ne, ita dai ba a gan ta ba.