Sharhi a Kan Yadda Ake Nazarin Mutuwar Mata Wajen Haihuwa a Asibiti

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi tsokaci a kan wata hanyar nazari da ta zama jiki, wato buɗe kundin asibiti a ƙirga matan da suka rasu, sannan a jera sanadin kowace.

Tushen wannan hanya a ƙasar Hausa shi ne aikin Farfesa Kelsey Harrison, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga a 1985. Cikin mata 238 da suka rasu, 219 ba su yi awon ciki ba, an kawo su ne bayan abu ya ƙazanta. Aiki ne mai nagarta, ba mu da ja. To amma da yawa daga masu bin sawunsa sun ɗauki rabin zancen sun bar rabi. Sai a rubuta jijjiga, zubar jini, doguwar naƙuda, a ƙara da auren wuri da kunyar haihuwar fari, shi ke nan laifi ya koma kan mamaciya da danginta.

Kundi, ai ma'aikaci ne ke cika shi. Zai rubuta sa'ar da aka kawo mace, amma da wuya ya rubuta sa'o'in da ta yi kwance ana neman jini, ko ana jiran likita, ko miji na yawon haɗa kuɗin aiki. Thaddeus da Maine sun kasa jinkiri gida uku a 1994: na yanke shawara a gida, na hanya, da na cikin asibitin kansa. Wannan na uku shi ne manazartanmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Alal misali, lokacin da aka soma amfani da allurar magnesium sulphate a wasu asibitocin Jihar Kano a 2008, masu mutuwa cikin masu jijjiga sun ragu daga kimanin kashi 20 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Matan su ne dai na jiya, al'adarsu ba ta sake ba. Abin da ya sake yana cikin ɗakin magani.

A kwarin Rima kuwa akwai ƙarin wahala. Matar da naƙuda ta kama a ƙauyen fadama ta ƙasar Argungu cikin watan Agusta, ruwa ya cinye hanya, mai yiwuwa ba za ta isa Asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi ba balle ta shiga lissafi. Wadda ta sha da ƙyar, ɗa ya mutu a ciki, sai a gan ta daga baya a cibiyar masu yoyon fitsari da ke Gesse. A ganinmu waɗannan mata su ne shaidun da ya kamata a fara tambaya, domin sun bi hanyar da mamatan suka bi, kuma suna iya faɗin inda aka tsaya, da wanda aka jira, da awa nawa aka yi ana jiransa.