Masu Lissafin Cimar Ƙwayoyin Hanji

Albasa da tafarnuwar da ake nomawa a fadamun Wurno da Goronyo suna ɗauke da wani irin sukari da cikin ɗan Adam ba ya narkarwa. Haka yake gangarawa har babban hanji, inda bakteriya ke dakonsa. Bifidobacterium ta farfasa shi ta zubar da asitet. Faecalibacterium ta kwashe wannan ta mayar da shi butiret, wanda shi ne babban abincin bangon hanji.

Akwai masanan da aikinsu shi ne zuba wannan hada-hadar a kwamfuta, kuma gwanintarsu tana burge ni matuƙa. Sukan karanta ƙwayoyin gadon bakteriya ɗaya, su fitar da jerin duk abin da take iya ci da abin da take mayar da shi. Sai su ɗora ƙa'ida guda, irin ta littafin mai shago: abin da ya shigo dole ya yi daidai da abin da aka sarrafa da wanda ya fita. Daga nan kwamfuta za ta faɗi ko ƙwayar za ta yaɗu a kan wake, ko a kan dusar gero.

Amma daftarin farko na na'ura cike yake da giɓi. Yakan ce ƙwaya ba za ta rayu ba, alhali ga ta tana tsiro a ɗakin gwaji. Nan gwani ke zama ya bi rahotannin gwaji ɗaya bayan ɗaya har ya gano matakin da aka tsallake. Da irin wannan haƙurin Ines Thiele da abokan aikinta a Jami'ar Luksambog suka fitar da wani kundin irin wannan lissafi da ake kira AGORA a 2017, mai ɗauke da ƙwayoyi 773. Zuwa 2023 sun kai 7,302, har da yadda suke sauya magunguna 98.

Abin da ke damuna shi ne akasarin samfurin bahayar da aka yi nazari daga Turai da Amurka da Sin ya fito. A 2010 an kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa, da yaran Florence ta Italiya: hanjin yaran ƙauyen cike yake da Prevotella mai cin dusa, wadda ba a gani ba a wajen 'yan Italiyan. Yaron garin Rabah da aka yaye da koko da fura da nono ya fi kusa da na Boulpon, kuma shi ne tamowa ke yi wa barazana duk damina. Ina son ganin ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun koyi wannan lissafi, sun yi shi a kan cimarsa.