Hausar da Adabinmu Bai Saurara Ba

Mu da muka tashi tsakanin Tambuwal da Kebbe, kalmar Bahaushe da kalmar Musulmi tare muka koye su. Mun san akwai coci, amma a ranmu ta baƙi ce: ma'aikatan da aka turo, da 'yan kasuwa, da mutanen ƙasar Zuru da ke kudu da mu. Sai da aiki ya kai mu ga tattara rubutun Hausa don gina manhajar gyaran kalmomi muka lura cewa kaso mai tsoka na Hausar da ke intanet na coci ne: Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta fito tun 1932, da wa'azi, da waƙoƙin sujada. Ashe akwai wata Hausa da ta yi kusan ƙarni tana tafiya a gefenmu, ƙagaggun labaranmu kuwa ko sannu ba su ce mata ba.

Mu ɗauki misali guda, 'yan Metodis na ƙasar Muri a Jihar Taraba. Yawancinsu Wurkum ne da Mumuye da maƙwabtansu, amma Hausa ce ta haɗa su a sujada. Asalin ɗariƙar daga John Wesley ne (1703-1791), limamin cocin Ingila. Shi da ƙaninsa Charles sun tsara wa kansu lokutan addu'a da azumi da ziyarar fursuna a Jami'ar Oxford, har 'yan'uwansu ɗalibai suka laƙaba musu sunan Metodis, wato masu tsari, don ba'a, sunan kuma ya bi su. Ɗariƙar ta iso Badagry a 1842 ta hannun Thomas Birch Freeman, amma reshen Muri ba ta can ya biyo ba. Wani Ba'amurke, C. W. Guinter, wanda ya zo a 1906, shi ya buɗe tashar Bambur a 1923. Cocinsa ta Amurka, wadda ta tsiro cikin masu jin Jamusanci, ta haɗe da wata a 1946, sannan ta haɗe da Metodis a 1968. A nan gida an san ta da sunan Hausa, Ekklisiyar Kristi a Sudan, reshen Muri. A 1992 ta sami bishop ɗinta na farko ɗan ƙasa, Done Peter Dabale.

Abin da ya kamata ya ja hankalin mai nazarin harshe shi ne aƙidarsu. Wesley ya yi jayayya da mabiya Calvin, masu cewa Allah ya riga ya ware waɗanda za su tsira tun fil'azal. Shi a ganinsa an yi wa kowa tayin ceto, akwai kuma wata baiwa da ke riga mutum, ta farkar da zuciyarsa tun bai nema ba, amma ya rage nasa ya karɓa ko ya ƙi. Bayan karɓa sai tsarkakewa, har zuciya ta cika da ƙaunar Allah da ta maƙwabci. Duk wanda ya zauna a zauren malam a ƙasar Sakkwato ya ji ana warware maganar Jabariyya da Ƙadariyya zai gane cewa tambayar ba baƙuwa ba ce, ko da amsoshin sun sha bamban.

To da wace kalma aka ɗauko wannan baiwa zuwa Hausa? Da "alheri". A nan gizo yake saƙa. Alherin Bahaushe abu ne da ke komowa: danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, gadon barci ne, ka shimfiɗa yau ka kwanta gobe. Alherin da ake wa'azinsa a Bambur kuwa kyauta ce da mutum bai yi wa aiki ba, ba kuma zai iya biya ba. Kalma ɗaya, nauyi biyu. Matar da ta ji wa'azin nan ranar Lahadi, ranar Litinin ta kai wa maƙwabciyarta gudummawar biki tana sa ran ramuwa, da wane alheri take rayuwa? Wannan kaɗai ya isa labari. Haka "bangaskiya" ke zaune kusa da "imani", "Yesu" kusa da "Isa", dukkan ɓangarorin kuma suna kiran Allah da Ubangiji.

Maimakon haka, me muke samu? A yawancin littattafan soyayya da muka karanta a wayoyinmu, Kirista iri biyu ne. Ko dai ƙawar jami'a mai buɗe wa jaruma ido, ko kuwa kyakkyawar yarinya da aka ajiye don ta musulunta a babin ƙarshe a ɗaura aure. Ba mu ce kada marubuci Musulmi ya rubuta musulunta ba. Tana faruwa, abin farin ciki ce kuma ga mai imani. Aibin shi ne kafin ta musulunta ba a ba ta komai ba. Ba ta da uwa mai addu'a, ba ta da waƙar da ta haddace tun tana ƙarama, ba ta da abin da za ta rasa. Wanda bai bar komai ba, sauyinsa ba ya motsa mai karatu. Ta nan labarin ke cutar da saƙon da yake son isarwa.

Wannan shiru yana da farashi. A 2024 babban taron cocin a Amurka ya soke dokokinsa na hani kan auren jinsi. Bishop John Wesley Yohanna ya fice da magoya bayansa zuwa wata sabuwar ɗariƙar Metodis. Waɗanda suka tsaya suka ce su ma aure a wurinsu na namiji da mace ne, ba za su dai bar gidan iyayensu ba. Aka shiga rikicin gine-gine da kadarori, har a watan Disamba aka rasa rayuka uku a Munga Dosso ta Ƙaramar Hukumar Karim Lamido, biyu daga ciki yara ƙanana. Yawancinmu ranar muka fara jin sunan wannan coci, mun kuma ji shi ne a matsayin labarin jini da abin tsegumi. Mutanen da ke kuka da harshenmu, ba mu da ko shafi ɗaya da ya nuna mana cikin gidajensu.

Ba haka adabin nan ya faro ba. Cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista daga Wusasa, ya rubuta tare da Rupert East. Shi ya shiga gidajen Musulmi ya rubuta su a matsayin mutane masu so da ƙiyayya da nadama, har yau kuma ana karanta shi a makarantunmu. Mu ba mu rama ziyarar ba.

Marubucin da ke Tambuwal ko Kebbe ba sai ya bar aƙidarsa ba, ba ma sai ya je Jalingo ba. Akwai ma'aikaciyar jinya a asibitin garinsu, akwai makanike a bakin tasha, waɗanda ke addu'a da Hausa. Ya tambaye su me suke nufi idan sun ce alheri, ya saurara har su gama, sannan ya ɗauki alƙalami.