Sojan tangaran da hatimin da ke ƙarƙashinsa

A shekarar 1717 Agusta Mai Ƙarfi, sarkin Saksoni da Folan, ya miƙa wa sarkin Furusiya barade 600 daga cikin rundunarsa, ya karɓi tangaran 151 na ƙasar Sin. Manyan tulunan suna nan a gidan tarihi na Zwinger da ke Dresden, ana ma kiran su da sunan baradan. Ke nan tun kafin Turawa su ƙware wajen mayar da soja tangaran, sun riga sun yi furfure da shi.

Sarkin nan ne ya kafa masana'antar Meissen a 1710. Daga baya wasu suka biyo sahu, har ƴan mutum-mutumin mayaƙa suka zama abin tarawa: dogaran Faradarik Babba, hafsoshin Napoleyon, kowa bisa dokinsa. Masu sha'awarsu kan ce tarihi suke adanawa. Ta fuskar gwaninta ba a ja da su. Ana zuba kai daban, hannu daban, takobi daban, a liƙa su da kunun farar ƙasa, a gasa a wuta mai zafin daraja 1400 ko kusa da haka, inda siffar ke tsukewa da kimanin kashi ɗaya cikin shida. Dokin da ya fito daga wannan wuta tsaye bisa ƙafafun baya, bai sunkuya ba, ya cancanci jinjina.

Amma wane tarihi ake adanawa? Na madinki ne. Mai tarawa ya san adadin maɓallan riga da launin gezar kafaɗa, yana iya gardama a kansu har dare. Sojan da ke gabansa kuwa bai taɓa jin yunwa ba, ba laka a takalminsa, kumatunsa jajur kamar na yaron da aka yi wa wanka. Rundunar da sanyin Rasha ya cinye a 1812 ba ita ce ke jere cikin kabad ba, tana ƙyalli kamar jeren amarya.

Inda zancen ya fi nauyi shi ne Allach, kusa da birnin Munik. Wannan masana'anta ta koma hannun ƙungiyar SS ta Himmler, kuma a nan Theodor Kärner, gwani na gaske, ya tsara mahaya na zamunan da suka shuɗe, har da Faradarik Babba kansa. Zaɓen ba na banza ba ne: so ake a nuna cewa sabuwar runduna magajiyar tsohuwa ce. Da yawa daga cikin kayan kyauta Himmler ke yi da su ga mutanensa. A lokacin yaƙi, fursunonin sansanin Dachau aka tilasta wa aikin, har masana'antar ta tsaya a 1945.

Al'adar mai tarawa ce ya kifar da siffa ya duba gindinta, domin a nan hatimi yake. Na Meissen takubba biyu ne shuɗɗa a gicciye. Na Allach haruffan SS ne a sarƙe, kuma su ne ke ɗaga farashi a wurin gwanjo, har ƴan jabu ke kwaikwayonsu. Wanda ya saya zai iya cewa hannun Kärner ya burge shi, sai dai Kärner ya yi wa Nymphenburg da Rosenthal aiki tun kafin nan, da gwaninta iri ɗaya, kuma ba a yi wa waɗancan rububi irin wannan. Takardar gwanjon kan kawo sunan mai tsara siffar, da lambarta, da tsawonta, da ko takobin ya taɓa karyewa aka gyara. Fursunan da ya zuba ta ba ya cikin lissafin.