A Bar wa Romaniya Talaucinta

Ƙanena ne ya jawo ni cikin wannan harka. Wani dare na same shi ya duƙufa a kan kwamfuta, ya ce, "Yaya, zo ka ga sojojin Romaniya." Na leƙa, sai ga 'yan sojoji da hular kwano mai faɗin baki, dawakai na jan igwa a bayansu cikin dusar ƙanƙara. Wasan na Yaƙin Duniya na Biyu ne, irin wanda kai ne kwamanda, kana tura mayaƙa daga sama. Kamfanin da ya yi shi Jamus da Rasha da Amurka da Ingila ya sa a ciki. Romaniyar kuwa wasu masoya wasan ne suka zauna suka ɗinka ta da hannunsu, suka saka a intanet kyauta. 'Yan wasa suna kiran irin wannan faci da mod.

Al'adar ta daɗe. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin facin Half-Life, DayZ kuma daga Arma 2 ya tsiro a 2012. Yau a Steam Workshop da ModDB akwai dubban irinsu. Abin da ke burge ni shi ne yadda hankalin masu wannan aiki ya karkata zuwa ƙasashen da manyan kamfanoni suka mayar 'yan rakiya, irin su Finlan da Hangari da Italiya da Romaniya. Su kansu kamfanonin sun fara biyo sahu: Hearts of Iron IV ya ba Romaniya nata tsarin a ƙarin Death or Dishonor na 2017, Steel Division 2 kuma ya kawo rundunoninta a Black Sunday na 2020.

Ta kuwa cancanci shiga. Bayan Jamus, da wuya a nuna ƙasar da ta zuba mutane a yaƙi da Tarayyar Sobiyet kamar Romaniya. A 1940 aka yi mata yankan rago: Sobiyet ta karɓe Besarabiya da arewacin Bukobina, Hangari ta tafi da arewacin Tiransilbaniya, Bulgariya ta ɗauki kudancin Dobruja. Ion Antonescu ya hau mulki, ya manne wa Hitila, a Yunin 1941 ya tura sojoji su ƙwato abin da Rasha ta ƙwace. Da suka ƙwato ɗin ba su tsaya ba, suka zarce Odesa, suka shiga Kirimiya, har gaɓar kogin Don. Man fetur ɗin Ploieşti shi ne ya riƙa tuƙa injinan Jamus, shi ya sa jiragen Amurka suka far wa matatunsa ranar 1 ga Agusta 1943.

To, ga inda nake da ja. Da zarar facin Romaniya ya fito, sai koke-koke su biyo baya: rundunar ba ta da ƙarfi, igwarta ba ta fasa tanka, ba a iya cin Rasha da ita, a daidaita. Mai facin, don kada a guje shi, sai ya fara ƙari. Ya ɗauko Mareşal, motar farautar tankoki da Romaniya ta ƙera 'yan samfura amma ba ta taɓa kai ta fagen daga ba, ya jera ta birjik. Ya ara wa Romaniyawa manyan tankokin Jamus. Kafin ka ankara, abin da ke gabanka sojan Jamus ne da aka sauya wa riga da tuta.

Ni a ganina wannan ɓarna ce, domin rashin shi ne labarin. Bindigarsu ta Cekoslobakiya ce, ƙirar hularsu ta Holan, tankarsu R-2 ta Cek ce wadda zamani ya riga ya wuce ta. Da suka rasa abin tunkarar tankar Rasha T-34, sai suka tattaro tankokin T-60 da suka kama daga Rasha, suka ɗora musu igwar Rasha mai milimita 76, suka sa wa abin suna TACAM, guda 34 kacal. Dabarar bakanike ce tsantsa, ta wanda ba shi da kayan gyara sai abin da ya kwance daga wata motar. Jirginsu IAR 80 dai na gida ne, a Braşov aka ƙera shi, kuma ya yi abin kirki.

Dubi Stalingrad. An ɗora Runduna ta Uku da ta Huɗu ta Romaniya a gefuna biyu na sojojin Jamus da Janar Paulus ke jagoranta, a fili fetal mai tsawon da ya fi ƙarfinsu. Janar Petre Dumitrescu na Romaniya ya nemi a murƙushe wuraren da Rashawa suka kafa ƙafa a tsallaken Don, a Serafimovich da Kletskaya, ba a kula shi ba. Yawancin igwoginsa na kakkaɓo tanka ƙanana ne, masu milimita 37 da 47. Ranar 19 ga Nuwamba 1942 tankokin Sobiyet suka ɓullo daga daidai waɗannan wurare, washegari suka fasa ta kudu, ranar 23 suka haɗe a Kalach, suka yi wa sojojin Paulus ƙawanya. Jamusawa suka ɗora wa Romaniyawa laifin, littattafai da yawa suka kwafa. Wasa na iya yin abin da littafi ba ya iyawa: ya danƙa maka waɗannan ƙananan igwogi, ya sako maka T-34, ya ce tsare. Na gwada a facin ƙanena, sau uku ana tattake ni. Ban sake kallon zargin Jamusawan da idon da ba. Da an ba ni Mareşal goma, da ban koyi komai ba.

Akwai kwalliya ta biyu wadda ta fi ta farko muni. Mai faci zai ɓata wata guda yana gyara maɓallin rigar sojan tsaunuka, amma bayanin da zai rubuta a kan kamun Odesa ba zai ce uffan ba kan abin da ya faru a Oktoban 1941, lokacin da aka tayar da bam a hedkwatar sojan Romaniya, aka rama da kisan dubban Yahudawan birnin. Haka Iaşi, inda aka kashe Yahudawa fiye da 13,000 a ƙarshen Yunin shekarar. Kwamitin da Elie Wiesel ya jagoranta ya bayyana a 2004 cewa Yahudawa tsakanin 280,000 da 380,000 ne suka mutu a yankunan da ke hannun Romaniya, da 'yan ƙabilar Roma kimanin 11,000, kuma gwamnatin ƙasar ta amince da rahoton. Ba cewa nake a mayar da kisan kiyashi abin wasa ba, Allah ya kiyaye. Layi uku a shafin bayanin yaƙin sun isa. Wanda ya san yawan ƙusoshin da ke jikin TACAM ba zai ce bai ji labarin Odesa ba.

Na san amsar da za a ba ni: aikin sa kai ne, ba a biyan kowa ko sisi, kuma mai yi jikan sojan ne da ke son a ga kakansa. Wannan na fahimce shi sarai. Mu ma kakanninmu sun yi yaƙin Burma a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da Hausa ake ba su oda, kuma ranar da wani ya ɗinka su cikin wasa zan riga kowa saukewa. Amma ina so in gan su yadda suke, da kaya a ka cikin dajin Kaladan, ba a kan tankokin da ba su taɓa hawa ba.

Yanzu ƙanena yana jiran kashi na gaba na facin. Ni ranar 23 ga Agusta 1944 nake so su yi, ranar da Sarki Mihai, yana ɗan shekara 22, ya sa aka kama Antonescu a fada, gari ya waye jiragen Jamus na ruwan bama-bamai a Bukares. Sojan da jiya yake rami ɗaya da Bajamushe, yau an ce ya juya masa bakin bindiga, da wannan tsohuwar igwa da waɗannan dawakai, ya bi Rashawa har Cekoslobakiya.