Jigon Rabuwa a Tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi

Gabatarwa

Idan yaƙi ya raba al'umma gida biyu, adabinta ma yakan rabu, kowane ɓangare ya riƙa ba da labari da bakinsa. A shekarar 1945 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka raba Koriya biyu. Yaƙin da ya biyo baya, daga 1950 zuwa 1953, ya tsaya ne a kan yarjejeniyar tsagaita wuta, ba a kan sulhu ba. Daga wannan miki ne aka samu abin da manazartan Koriya ta Kudu ke kira adabin rabuwa. Mu ma a nan gida muna da irin wannan miki a tarihin Zazzau. Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda tarihin da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, wanda Frank Heath ya fassara aka buga a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja, ya ɗauki wannan jigo.

Warwarar Jigo

Littafin ya nuna yadda masu jihadi suka ci Zariya a lokacin da Sarki Muhamman Makau yake filin idi a bayan ganuwa, ya rasa hanyar komawa gida, ya yi kudu da jama'arsa har Zuba. Ya rasu a yaƙin Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa Abuja a 1828, garin da a yau ake kira Suleja. Tun daga nan aka samu Sarkin Zazzau biyu, ɗaya a Zariya, ɗaya a nan.

Ƙarfin littafin shi ne adanawa. Marubutan sun jera sarautu da muƙamai da al'adun fada dalla-dalla, tamkar mai gudun hijira yana ƙidaya kayan da ya tsira da su. Saƙon da ke ƙarƙashin wannan ƙidaya kuwa a fili yake: ganuwa aka rasa, ba a rasa Zazzau ba. Wannan adana ce ta taimaka wa M. G. Smith wajen kwatanta gidajen biyu a littafinsa Government in Zazzau na 1960.

Sai dai a nan ne kuma rauninsa yake. Muryar da muke ji ta fada ce. Mun san wanda ya hau da wanda ya ci yaƙi, amma ba mu ji kukan matar da aka rufe ƙofar gari tana ciki, mijinta yana waje ba. Gbagyi da Koro, waɗanda a ƙasarsu aka sauka, ana ba da labarinsu ne, ba su suke ba da labarin kansu ba.

Mu kwatanta da ƙagaggen labarin Choi In-hun na 1960 mai suna Gwangjang, wato Dandali. Tauraronsa ya zauna a Kudu, ya zauna a Arewa, duka ba su gamsar da shi ba. Bayan yaƙi ya zaɓi wata ƙasa ta uku, ya faɗa teku kafin jirgin ya kai shi. A can, rabuwa ta shiga zuciyar mutum ɗaya. A namu littafin, ta tsaya a kan gadon sarauta.

Kammalawa

Ba za mu ɗora wa marubutan laifin rashin yin abin da ba su ƙudura ba, domin tarihi suka rubuta, kuma sun sauke nauyi. Bashin yana kan masu ƙirƙira. Kowa ya san yadda aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin tarayya bayan 1976, tsohon garin ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Garin da ya rasa ganuwarsa ta farko, sannan ya rasa sunansa, ai bai rasa abin faɗa ba. Sarakuna sun samu masu rubuta musu. Waɗanda suka bi su a ƙafa, da waɗanda aka bari a baya, su ne ke jiran alƙalamin ɗalibanmu.